Yadda Gali Ya Ɗaure Manhajar Makiyayan Nariya

A bakin tashar Rano akwai wani shago mai faɗin tabarma biyu, an rubuta a saman ƙofarsa da jan fenti: Injiniya Gali, Likitan Waya da Kwamfuta. Galin ne ya rubuta da hannunsa, kuma shi ya naɗa wa kansa injiniyancin, bayan wani kwas da ya je yi Kano ya dawo tun ba a gama ba. In aka tambaye shi dalili sai ya ce malamin ne ya fara jansa gefe yana tambayarsa abubuwa, shi kuwa ba ya son tona asirin babba. Aikinsa na gaskiya cajin waya ne da tura waƙoƙi da manna gilashi. Amma in ka zauna a bencin maƙwabcinsa Ɗayyabu mai shayi ka ji Gali yana zuba, sai ka rantse shi ya haƙa rijiyar da ake ɗebo intanet.

Matarsa Lubabatu 'yar Alhaji Alu ce na Nariya, can ƙasar Kibiya, dattijo mai shanu da gona, kuma shugaban ƙungiyar makiyayan yankin. Gali bai taɓa samun shigar da yake so a gidan surukan nan ba. Ana gaishe shi, ana dama masa fura har da ƙari, amma da zarar manya sun fara maganar kirki sai a tuna masa cewa babur ɗinsa na cikin rana. Abin ya daɗe yana cinsa.

To, Lubabatu tana da ƙanwa, Sadiqa, wadda ta karanta kwamfuta a jami'a. Ita ta zauna ta rubuta wa ƙungiyar mahaifinta manhaja mai sassa uku: sashen rajistar shanu, sashen tsara ranakun rigakafi, da sashen murya. Wannan na ƙarshen sanarwa ce a cikinsa, da Hausa da Fulatanci, wadda Malam Tajuddeen malamin dabbobi ya ɗauka da bakinsa, don a riƙa sakawa a lasifika ana kiran mutane su kawo shanu allura. An sa ranar ƙaddamarwa, an gayyaci dagaci da makiyayan Durba da na ƙauyukan gefe. Ana cikin shiri sai aka kira Sadiqa ganawar neman aiki a Kaduna, ba ɗagawa.

Ta biyo ta Rano da sassafe, da niyyar ƙarasa ɗan abin da ya rage a gidan yayarta, wato ta haɗa sassan uku cikin ƙunshi guda a sa a filashi a kai Nariya. Ta buɗe kwamfutarta, batir ya mutu, ga shi babu wuta, ga direba yana ta danna ham a waje. Gali da ke tsaye yana sakace ya ce wannan ai ba abin tashin hankali ba ne, shagonsa akwai sola, kuma irin wannan aikin shi da ido a rufe yake yi.

Sadiqa ta dubi yayarta, yayarta ta dubi rufin ɗaki. Da yake babu wata mafita, sai ta fara yi masa bayani a gurguje. Ta ce ba da linzamin kwamfuta ake aikin ba, baƙin allo ake buɗewa a rubuta umarni, sunan abin ɗaurewar jar. In ka bi shi da harafin c ɗaurewa ke nan, t leƙawa ciki, x kwancewa. Ta ce sashen murya ba ya tunani, duk abin da ya tarar a cikinsa zai karanto ne bi da bi. Tana cewa, "Abu ɗaya za ka kiyaye, Yaya Gali, sunan da ka fara rubutawa bayan harafin f shi ne buhun, sauran su ne kaya, in ka kuskura ka sa..." sai ya ɗaga mata hannu.

"Ƙanwata, lokacin da na fara taɓa kwamfuta ke kina cin ƙasa."

"Har yanzu taɓawar kake yi ai. Ni so nake ka yi aiki da ita."

Ya ce ta tafi kawai kada mota ta bar ta, ta gaida Kaduna. Ta bar masa kwamfutar ta fita tana waige, tana cewa in wani abu ya shige masa duhu ya kira ta. Ya ce wa Lubabatu ranar da zai kira yarinyar nan neman taimako, ranar ya rufe shago ya koma tallan rake.

Bai buɗe kwamfutar ba sai da bencin Ɗayyabu ya cika. Ya fito da tebur waje, ya goge allon da hannun riga, ya sanar cewa surukinsa ya neme shi takanas a kan wani aiki da ya gagari 'yan jami'a. Da baƙin allon ya buɗe mutane suka matso. Wani ɗan acaɓa ya ce ai kwamfutar ta ƙone. Gali ya ce wannan allon manya ne, mai hotuna na yara ne da mata. Ya rubuta jar, yana faɗa da ƙarfi.

"Jar me?" in ji Ɗayyabu. "Jar kanwa ko jar hula?"

"Jar kawai."

"Ba a barin ja shi kaɗai, Injiniya. Ko jar miya ce ka faɗa mana mu nemo burodi."

Gali bai kula shi ba. Ya ƙara da kalmar ɗaure, tunda abin da yake so ke nan, ya danna. Allon ya amayo Turanci layi bisa layi har ya cika. Ya gyaɗa kai ya ce gaisuwa ce, sun gane hannu. Can ya tuno haruffan Sadiqa. Ya rubuta cf, sannan ya jero sunayen sassan yadda suka zo masa a ka: murya, rajista, rigakafi. Ya danna. Allon bai ce uffan ba. Gali ya juyo ga jama'a ya ce shirun nan da suka ji shi ne alamar an gama, gwani ba ya surutu. Aka watse ana cewa ashe dai yana taɓukawa.

Da ya rage shi da Ɗayyabu, ya shiga neman sabon ƙunshin da zai sa a filashi. Babu. Sassa uku ne dai yadda suke, sai dai na murya ya canza nauyi. Ya rubuta tf da sunan murya, don ya leƙa. Allon ya nuna masa abin da ke ciki: rajista da rigakafi. Muryar Malam Tajuddeen kuwa ko ƙurarta. Tunda murya ya fara rubutawa, abin ya ɗauke ta a matsayin buhu, ya zazzage abin da ke ciki ya ɗura sauran biyun.

Ya gwada x, wai ko muryar ta maƙale a ƙasan buhun. Rajista da rigakafi suka fito, ita ba ta fito ba. Ya kashe ya kunna. Ya ɗaga kwamfutar ya girgiza ta a kunnensa. Daga ƙarshe ya aro kwanon shinkafa wurin mai tireda ya binne ta a ciki, kamar yadda yake yi wa wayar da ta faɗa ruwa. Ɗayyabu, wanda ke juya shayi yana kallon komai ta gefen ido, ya tambaye shi ko kwamfutar yunwa take ji. Gali ya ce sanyaya mata kai yake. Ɗayyabu ya ce ga dukkan alamu mai ita ne ya fi bukatar sanyin, ga gumi har gemu, me zai hana ya buga wa yarinyar waya? Gali ya ce ko a mafarki.

Yana share gumi dabara ta faɗo masa. Murya ce ta ɓace, shi kuma Allah ya ba shi murya. Zai ɗauki sabuwar sanarwa da bakinsa, ya ce gyara ya yi. Ta haka ma duk ranar kasuwa ƙasar Kibiya za ta riƙa jinsa a lasifika, Alhaji Alu ya san irin surukin da ya samu. Hausar ba matsala. Fulatancin ne cikas, don duk shekarun aurensa bai wuce gaisuwa ba, ita ma a karkace. Lubabatu ta iya, amma tambayarta daidai yake da sanarwa a rediyo, kafin la'asar Sadiqa ta ji.

Sai ga Saude mai nono ta sauke ƙwaryarta a inuwar shagonsa. Tsohuwar abokiyar faɗansa ce, kullum yana ce mata nononta rabi rijiya ne. Ya matso yana murmushi, ya ce so yake ya gwada ta, don an ce Fulanin yanzu sun manta harshensu. Yaya ake cewa jama'a ku kawo shanunku rigakafi, ranar kaza, kyauta ne?

Saude ta ƙare masa kallo. "Kaɗo, kai ka iya ne da za ka gwada ni?"

"Na fi ki. Na zauna Yola."

"Yaushe?"

"Kina ƙarama."

Ta ce to madalla, tunda malami ne ba za ta kawo masa na kasuwa ba, za ta ba shi tsantsar Fulatancin kakanni. Ta jero masa jimla doguwa mai daɗin sauti. Ya sa ta maimaita, wai yana duba kuskure, har ta zauna masa a ka. Ya ce ba laifi, ta ci rabi. Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce, kafaɗunta na rawa.

Bayan azahar ya kulle kansa a ɗaki da wayarsa. Duk ɗauka ɗaya wayar takan ajiye fayil ɗinta daban a cikin folda guda, shi kuwa bai goge ko ɗaya ba. Ɗaukar farko zakaran maƙwabta ya shigo ciki. Ta biyu injin niƙa ya tashi. Ana ta uku Lubabatu ta ƙwala masa kira ya zo ya fitar da akuya daga madafa. Da ya dawo ya saurari abin da ya ɗauka, sai ya ji muryarsa ta yi siriri, ba ta da nauyin dattijo. Ya ce bari ya ari ta Alhaji Alu. Alhaji yana da wani tari da yake share fage da shi kafin magana, sannan ya ce to, to, to. Gali ya kwaikwaya, abin ya fito har ya ba shi dariya shi kaɗai. Daɗi ya kwashe shi, ya zarce da wasa yana ƙari daga aljihunsa, har da wani sirrin gida da Lubabatu ta taɓa gaya masa ta ce kada ya fita. Da ya gaji da dariya ya nutsu, ya yi ta gaskiya, Hausa tsaf, sannan ya ɗauki Fulatancin Saude daban da murya mai kauri.

Lubabatu tana tsakar gida tana tankaɗe ta jiyo jimlar. Rariyar ta kusa suɓuce mata. Ta zo bakin ƙofa ta tambaye shi wa ya koya masa wannan magana, kuma ina zai kai ta. Ya ce sirrin aiki ne. Ta ce, "Baban Ismail, ka san abin da kake faɗa kuwa?" Ya ce ya san kishi ne ke damunta, don ya iya irin Fulatancin da ko a gidansu ba a ji. Ta buɗe baki za ta fassara, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro. Ta koma kan tankaɗenta tana cewa ita dai ta fita haƙƙinsa.

Washegari a shago ya ɗaure sabon sashen murya. Maimakon ya zaɓi fayil biyun nan masu kyau, sai ya rubuta sunan foldar gaba ɗaya, don ya fi gajarta. Wannan karon ya sa wa babban ƙunshin suna daban, ya haɗa sassan uku, komai ya tafi lafiya. Ɗayyabu ya leƙo ya ce ba zai ɗan duba ciki da harafin nan na jiya ba? Gali ya ce ɗan koyo ne ke ɗaure buhu ya koma yana leƙe. Ya zare filashi ya jefa aljihu.

Ranar ƙaddamarwa Nariya ta cika. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, makiyaya sun jingina sandunansu, mata sun yi gungu a gefe da ƙoransu. Dagaci na kan kujera, Alhaji Alu na damansa, Malam Tajuddeen na hagu. Gali ya iso da sabuwar shadda tana ƙara, biro uku a aljihun gaba. Ba a sa shi cikin masu jawabi ba, amma da aka miƙa masa makirufo don ya gwada ko yana aiki, bai mayar ba. Ya yi bayanin cewa yarinya ta yi iya ƙoƙarinta, shi kuma ya sa hannun manya, musamman a sashen murya, wanda ya tarar da rauni ya sake gina shi daga tushe. Malam Tajuddeen ya gyara zama.

Aka kwance ƙunshin a kwamfutar ƙungiya. Rajista ta buɗe, aka shigar da saniyar dagaci, aka tafa. Ranakun rigakafi suka fito, aka sake tafawa. Alhaji Alu ya dubi surukinsa ya ɗan gyaɗa kai, abin da bai taɓa yi ba. Gali ya ji kamar ya tashi sama. Ya ce a ƙure lasifika, ya danna murya.

Zakara ya yi cara. Gali ya ce wannan alamar wayewar gari ce ga makiyaya. Injin niƙa ya biyo baya, ya ce wannan kuma ci gaba ne. Sai muryar Lubabatu ta cika filin, tana cewa Baban Ismail ya bar surutu shi kaɗai kamar mai aljanu ya zo ya fitar da akuya. Gungun mata ya fara motsi. Gali ya daina murmushi, ya shiga laluben inda ake tsayarwa.

Kafin ya samu, lasifika ta yi tari. Duk wanda ke wurin ya san tarin nan, har wasu suka juya ga Alhaji Alu, suka ga bakinsa a rufe. To, to, to, in ji lasifika. Jama'a ku kawo shanunku allura. Amma ni Alu kada wanda ya nuna mini tsinin, don ranar da aka zo yi mini a asibiti ta taga na fita, na bar takalmina. Sannan dariyar Gali ta biyo baya, doguwa, har da buga cinya.

Dagaci ya sa bakin rawani ya rufe fuska, amma cikinsa na girgiza. Gali ya fizge wata waya, fanka ta tsaya. Ya fizge wata, ta cajin wayar dagaci ce. Ya danna wani maɓalli, ƙara ta ƙaru. Yana cikin wannan kokawa aka wuce sanarwar Hausa mai kyau ba wanda ya ji ta, aka iso Fulatanci.

Da ya ji muryarsa mai kauri ta fara, sai ya saki wayoyin ya miƙe. A ransa ya ce ga abin da zai wanke shi. Ya gyara hula, ya harɗe hannu a baya, yana bin jimlar da leɓɓansa yana gyaɗa kai. Wani tsoho daga Durba ne ya fara faɗuwa gefe. Daga nan abin ya bi layi kamar wutar daji, maza na riƙe ciki, mata na zubar da nono, Saude a tsakiyarsu tana share hawaye da gefen zane. Gali ya sunkuya ya tambayi Malam Tajuddeen ko daɗin karin harshen ne ya kama su haka.

Malam ya ce, "Cewa ka yi kai jaki ne marar ubangida, ka ɓata tun daga Rano, duk wanda ya tsince ka ya ɗaure ka a inuwa ya ba ka dusa."

"Duka wannan a jimla ɗaya?"

"Har da cewa kana harbi, a kiyayi bayanka."

Da ƙyar aka samu wani ya cire wa lasifikar batir. Malam Tajuddeen ya buga wa Sadiqa waya a gaban kowa. Ta saurara, sannan ta ce ai muryar Malam tana nan a wayarta, da Yaya Gali ya kira ta tun ranar da kafin shayinsa ya huce ta turo. Ta turo ɗin kuwa nan take, ta faɗi abin da za a rubuta, Malam ya rubuta da yatsa ɗaya, ya leƙa ciki ya tabbatar, aka saka. Taro ya tashi lafiya, sai dai ba wanda ya tafi gida da maganar rigakafi a baki.

Gali ya lallaɓa zai tayar da babur aka ce Alhaji na kira a zaure. Ya shiga ya durƙusa tun daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce ya maimaita tarin. Gali ya ce Baffa a yi masa rai. Alhaji ya ce ba faɗa ba ne, ji yake so ya yi. Gali ya yi wani ɗan tari kamar na kyanwa. Alhaji ya girgiza kai ya ce ba haka yake yi ba, nasa daga ƙirji yake fitowa, in mutum zai yi abu ya yi shi da kyau. Sannan ya ce tunda yanzu ƙasar Kibiya ta ji shi matsoraci ne, kuma Allah ya ba shi suruki jarumi, to ranar rigakafi Gali ne zai riƙe masa kan bijiminsa.

Ranar ta zo, kuma ba a taɓa ganin taron rigakafi irinsa ba, don har waɗanda ba su da ko akuya sun zo kallo. Bijimin Alhaji fari ne mai tozo kamar tulu, ƙahonsa ya fi hannun Gali tsawo. Gali ya naɗe hannun riga, ya gaya wa na kusa da shi cewa a Yola da hannu ɗaya yake kayar da irinsu. Ya kama igiya ya naɗa a damtse. Malam Tajuddeen ya soka allura. Bijimi ya yi wani gurnani ya zabura, ya ja Injiniya ta cikin kara, ta kan kashin shanu, ya ratsa gungun masu nono da shi, bai sake shi ba sai a tsakiyar taɓon bakin rafi.

Jama'a suka bi da gudu. Alhaji Alu kaɗai ne bai ga komai ba. Tun da aka fito da allurar ya koma gindin wata ɗorawa, ya juya wa filin baya, yana duban gonar wani kamar zai saya.

Gali ya ɗago daga taɓo, hula babu, takalmi ɗaya, ya tofar da ciyawa. Ya hango surukinsa, ya tattara sauran numfashinsa ya ɗaga murya cikin ladabi.

"Baffa, an cire allurar. Kana iya juyowa."